Kundin aikin gina shafina na intanet

6 ga Janairu, 2025

Yau na yi rajistar sunan shafin. Da wannan aka buɗe aikin da na daɗe ina cewa sai gobe: in tattaro rubuce-rubucena da suka warwatsu a dandamalin sada zumunta, in zuba su wuri ɗaya da ni ke da iko da shi. Zan riƙa rubuta abin da na yi da dalilin yin sa, domin shawarar da ba a rubuta dalilinta ba, nan da wata shida mai ita ma ba zai tuna ba.

Ba rigima na yi da kowane kamfani ba, tarihi kawai na duba. GeoCities, inda miliyoyin mutane suka fara koyon gina shafi da hannunsu, Yahoo ta saye shi a 1999, ta rufe shi a Oktoban 2009. Google Reader ya tafi a 2013, Google+ ya bi bayansa a 2019. A 2019 ɗin ne kuma MySpace ta amsa cewa waƙoƙi da hotunan da jama'a suka ɗora mata tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta wajen ƙaura daga wasu na'urori zuwa wasu. A lokacin da kowannensu ke tashe, babu wanda ya zaci zai kau. Duk wanda ya zuba aikin shekaru a dandalin wani, ya kwana da sanin zanen aro ba ya rufe katara.

Shi ma dai sunan ba mallakarsa na yi har abada ba, haya ce. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998, ita ke tsara dokokin. Kamfanin Verisign ke riƙe da babban kundin sunaye masu ƙarewa da .com, ni kuma ta hannun dillalin rajista na bi. Iyakar abin da za a biya gaba ɗaya shekara 10 ne. In wa'adi ya cika ba a sabunta ba, akwai ɗan lokacin sassauci, sai kwana 30 na fansa, daga nan sunan ya koma kasuwa kowa na iya ɗauka. Bambancin wannan haya da zama a dandalin wani shi ne ana iya tashi da ita: in dillali bai yi mini ba, in ɗauke sunan in kai wa wani, adireshina bai canja ba.

Na kunna sabuntawa ta atomatik. Imel ɗin da na ba dillalin kuma ba na kan sabon sunan ba ne, da gangan. In sunan ya faɗi, imel ɗin da ke kansa ma ya faɗi, saƙon gargaɗin ba shi da inda zai sauka.

Sunan gajere ne, babu baƙi mai lanƙwasa a ciki. Asalin tsarin sunaye haruffan a zuwa z ya sani, da lambobi, da karan ɗori. Ana iya sa wasu haruffan ta wata dabara da ake kira Punycode, amma a ƙarƙashi sunan yakan koma wani abu mai farawa da xn--, wanda ba mai iya karanta wa wani a waya.

9 ga Janairu

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Haɗa biyun shi ne aikin DNS, kuma shi na wuni a kai.

A zamanin ARPANET, hanyar sadarwar da ta haifi intanet, fayil ɗaya ne tak, HOSTS.TXT, ke ɗauke da sunayen dukkan kwamfutocin da ke kan layi, kowa ya je ya kwafo shi daga cibiyar SRI a Kalifoniya. Da kwamfutoci suka yi yawa abin ya gagara, sai Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983: a raba aikin hawa-hawa, na sama ya san wanda za a tambaya game da .com, na .com ya san wanda za a tambaya game da sunana, na ƙarshe ya ba da lambar. Fiye da shekara 40 ke nan, kuma har yau a kansa ake.

Layi uku na rubuta. Na A, mai nuna lambar uwar garken da na kama haya, wato kwamfutar da shafin zai zauna a kai, a tsohon tsarin IPv4. Na AAAA, mai nuna lambarta a sabon tsarin IPv6. Sai CNAME, don wanda ya rubuta www a gaba shi ma ya iso. Ban yarda in bar IPv6 ba, tunda lambobin tsohon tsari kusan biliyan 4.3 ne kacal, kuma babbar ma'ajiyarsu ta ƙare tun Fabrairun 2011.

Da yamma kwamfutata ta riga ta ga sabon wurin, wayata kuwa tana ta nuna tsohon shafin dillali. Mutane kan ce sai an jira canjin ya yaɗu, amma babu abin da ke yaɗuwa. Kowace na'ura a hanya tana riƙe tsohuwar amsa har lokacin da aka ɗiba mata ya ƙare, wato TTL. Na sa nawa daƙiƙa 300 a yanzu da nake taɓe-taɓe, in komai ya zauna in ɗaga shi.

18 ga Janairu

Da me za a gina? Wannan tambayar ta fi cin lokacina fiye da duk abin da ya gabata.

WordPress ne amsar da kowa zai fara bayarwa, kuma ba a banza ba. Tun 2003 yake, fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke, kuma mutum na iya rubutu a cikinsa ko da bai san komai game da kod ba. Na girka shi na gwada, ya yi aiki lafiya. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda yake aiki: duk lokacin da baƙo ya zo, sai manhaja ta tashi, ta tambayi rumbun bayanai, ta harhaɗa shafin nan take. Ma'ana akwai manhaja mai rai da ke fuskantar duniya dare da rana, wadda sai an bi ta da sabuntawa, ita da duk ƙare-ƙaren da aka liƙa mata. Rubutun kuma yana can cikin rumbu, ba a fayil ɗin da zan buɗe da idona ba.

Ɗaya hanyar ita ce shiryayyun shafuka. In rubuta kowane rubutu a fayil na zallar haruffa, da tsarin Markdown da John Gruber ya fito da shi a 2004, wata ƙaramar manhaja ta mayar da su HTML, yaren da ake rubuta shafukan intanet da shi, sau ɗaya a kwamfutata, in ɗora sakamakon. Uwar garke ba ta da aikin da ya wuce miƙa fayil. Na zaɓi Hugo don wannan aiki, tarihin canje-canje kuma Git zai riƙe, manhajar da Linus Torvalds ya rubuta a 2005.

Ma'aunin da na yi amfani da shi ɗaya ne: in wannan manhaja ta ɓace gobe, me zai rage a hannuna? Da hanya ta biyu, folda ce cike da rubutu wanda kowace kwamfuta za ta buɗe, yau ko nan da shekara 30. Akwai abin da na rasa, ba zan ɓoye ba. Gyara daga waya ya zama wahala, kuma akwatin bincike sai na nemo masa dabara daban. Wanda ke da marubuta da yawa, ko kanti, ba zan ba shi wannan shawara ba. Ni kaɗai ne, kuma rubutu ne kayana.

2 ga Fabrairu

Kafin in bar Hugo ya taɓa komai, na rubuta shafi ɗaya da hannu daga farko har ƙarshe, don in san abin da ke fita da sunana.

Na fara da buɗe info.cern.ch, inda aka ajiye kwafin shafin farko na duniya. Tim Berners-Lee ya gabatar da shawarar a cibiyar CERN a Maris 1989, ya sanar da duniya a Agustan 1991, sannan a ranar 30 ga Afrilun 1993 CERN ta saki fasahar kyauta ga kowa. Shafin ba shi da hoto, ba shi da launi, kanun rubutu ne da mahaɗai. Abin da ya burge ni shi ne burauzar yau ta buɗe shi ba gardama, kuma ya zauna daidai a fuskar waya, na'urar da ba a yi tunaninta ba lokacin da aka rubuta shi. Manhajoji nawa ne na 1991 za su tashi a kwamfutar yau? HTML tsurarsa mai juriya ne. Yawancin abin da ke karya shafi, mu ne ke ɗora masa daga baya.

Layi uku a saman shafin sun fi sauran muhimmanci. Na farko ya ce rubutun UTF-8 ne, tsarin da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, wanda ke ɗaukar haruffan kowane harshe. Na biyu, lang="ha", yana gaya wa burauza da injin bincike da manhajar da ke karanta wa makafi cewa Hausa ce. Na uku ya ce wa waya ta yi amfani da ainihin faɗinta, kar ta yi kamar babbar kwamfuta ta ƙanƙance rubutu.

CSS ɗin, wato dokokin kamannin shafi, bai kai tsawon fuskar kwamfuta biyu ba: faɗin layi kar ya wuce haruffa 70 ko kusa da haka, tazara tsakanin layuka, baƙin rubutu a kan fari. JavaScript, kod ɗin da ke aiki a cikin burauza, babu ko layi ɗaya, don ban ga aikin da zai yi ba tukuna.

Sai matsalar salon haruffa. Na ɗauko wani mai kyau, na rubuta "ƙarƙashin ɗaki" don gwaji, sai ga ƙ da ɗ sun fito sirara, sun ɗan fi maƙwabtansu tsayi, kamar an yanko su daga wani littafi an manna. Dalili shi ne wanda ya zana salon bai zana su ba, burauza kuma da ta rasa sai ta aro daga wani salon da ke cikin na'urar. Mai karatu ba zai iya faɗin abin da ke damunsa ba, amma idonsa zai riƙa tuntuɓe a kowane layi.

3 ga Fabrairu

Na haɗa jimlar gwaji mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu duka, na bi salo-salo da ita. Noto na Google da Charis na ƙungiyar SIL sun cika. Da yawa daga cikin masu farin jini sun faɗi a ƴ ko a babban Ɗ. Na ɗauki ɗaya, na yanke shi ya rage haruffan da nake buƙata kawai, na ajiye shi a uwar garkena maimakon a riƙa jawo shi daga wani kamfani duk lokacin da baƙo ya shigo.

21 ga Fabrairu

An sa kwaɗo. Adireshin yanzu da https yake farawa.

A da takardar shaidar tsaro, wadda https ke buƙata, yawanci sai an saya, sai an cike takardu, shi ya sa ƙananan shafuka ba su damu da ita ba. Let's Encrypt, mai bayar da irin wannan takarda, ta canja wannan tun da ta buɗe wa kowa a ƙarshen 2015: kyauta, kuma na'ura ke yi da na'ura. Ta ba uwar garkena wata 'yar lamba ta ce a ajiye a wani lungu na shafin, ta zo ta duba ta gan ta, ta tabbatar ni ke riƙe da sunan, ta ba da takardar. Kwana 90 take yi, don haka na saita sabuntawar ta riƙa yin kanta, na kuma gwada ta na ga ta wuce.

Wani zai ce shafin da ba a shigar da kalmar sirri ko lambar kati, me zai yi da kwaɗo? Abu biyu. In babu shi, duk wanda ke tsakanina da mai karatu yana iya ganin takamaiman rubutun da yake karantawa, yana ma iya cusa talla ko canja kalma a hanya. Sannan tun Yulin 2018 Chrome ke liƙa wa irin waɗannan shafuka tambarin rashin tsaro. Na farkon ne ya fi damuna. Abin da na rubuta nake so ya isa, ba abin da wani ya gyara ba.

Ita ma ƙofar shiga uwar garken na rufe ta ga kalmar sirri, sai da makullin SSH, fayil na sirri da ke kwamfutata.

10 ga Maris

Kwashe tsofaffin rubuce-rubuce. Na ɗauka aikin na'ura ne, ashe yawancinsa aikin zuciya ne.

Kowane dandali ya ba ni kayana a ƙunshe, kowanne da irin tsarinsa. Da na buɗe na ɗaya daga cikinsu, sai na ga "ƙasa" ta zama "Æ™asa", "ɗaya" ta zama "É—aya". Ba lalacewa rubutun ya yi ba. A UTF-8 harafin ƙ bait biyu ne, wato lambobi biyu ke wakiltarsa, sai wata manhaja a hanya ta karanta kowane bait a matsayin harafi mai zaman kansa da tsohon tsarin Yammacin Turai. Da na gane haka, gyaran bai wuce layi biyu ba: a mayar da haruffan bait, a sake karanta su daidai. Duk wanda ya ga irin wannan kar ya bi su ɗaya-ɗaya da hannu, kuma kar ya goge asalin ƙunshin.

Bayan nan ne aikin gaske ya fara, wato karantawa. Kaso mai yawa na abin da na rubuta a waɗancan wurare martani ne ga abin da ake ta magana a kai a ranar. An cire shi daga cikin hayaniyar, ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Wasu kuma na ga ƙirar dandalin a jikinsu: gajerun jimloli masu neman tafi, tunanin da aka datse don kar ya yi tsawo a wuce shi. Na daɗe ina jin ana cewa kayan aiki na sauya mai aiki, amma ban taɓa ganin haka a rubutuna baƙi da fari ba sai yau. Akwai kuma waɗanda na yi murna da sake haɗuwa da su, waɗanda na zauna na yi don wani abu ya dame ni, ba don ana jira ba. Su ne za su fara hawa.

Dokokin da na kafa wa kaina: kowane rubutu zai riƙe ainihin ranar da aka yi shi. Kuskuren rubutu zan gyara, ra'ayi kuwa ba zan taɓa ba, in na sauya tunani sai in ƙara bayani a ƙasa da sabuwar rana. Maganar wasu mutane da hotunansu ba za su biyo ni ba, domin a can suka yarda su yi magana, ba su ba ni izinin in kwaso su in kafe a wani wuri na dindindin ba.

Mahaɗan da ke cikin tsofaffin rubutun ma na bi su da wata 'yar manhaja, da yawa sun mutu. Ba abin mamaki ba ne: binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2024 ya nuna kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke raye a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. Wasu ma sun fi mutuwa muni, sunan ya faɗa hannun wani, mahaɗin da na sa don wata maƙala yanzu wurin caca yake kaiwa. Inda na samu kwafi a Wayback Machine na Internet Archive, ma'ajiyar da Brewster Kahle ya kafa a 1996, na mayar da mahaɗin can. Inda ban samu ba na cire, na bar bayanin cewa a da akwai.

Wannan ya sa na ga aikin da wani ido. Ina kukan shafukan wasu sun ɓace, to nawa fa? Duk wanda ya sa mahaɗi zuwa gare ni amana ya ba ni.

29 ga Maris

Hotuna. Ɗaya daga waya yakan kai megabait huɗu ko biyar, alhali rubutun shafi gaba ɗaya bai kai kilobait 20 ba. Na rage faɗinsu, na mayar da su WebP, tsarin hoto mara nauyi, na sa kowanne ya fito da girma biyu don waya ta ɗauki ƙarami. Waɗanda ke can ƙasa kuma ba sa sauka sai mai karatu ya gangaro kusa da su.

Abu mafi muhimmanci a nan ba nauyi ba ne. Hoton waya yana ɗauke da ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF: irin wayar, ranar, sa'ar, kuma in an bar GPS a kunne, daidai inda aka tsaya aka ɗauka. Manyan dandamali kan share wannan kafin su nuna hoto, shi ya sa yawancinmu ba mu taɓa tunaninsa ba. A shafin kai babu mai share maka. Na sa sharewar cikin matakan gini yadda hoto ba zai iya fita da shi ba ko na manta.

Kowane hoto na rubuta masa bayani don wanda ba ya gani. Launin toka da na sa wa kwanan wata ma na ƙara masa duhu, don bai kai ma'aunin bambancin haske na 4.5 da 1 da ƙa'idojin WCAG suka nema ba.

Akwai wani abin da na koya wanda ya faranta mini rai. In aka buɗe sabuwar hanya tsakanin na'ura biyu, uwar garke ba ta turo komai gaba ɗaya. Takan fara da ƙunshi goma, kusan kilobait 14, ta jira a ce sun iso, sannan ta ƙara. Shafin da ya shige cikin wannan turowa ta farko yana bayyana kusan nan take ko da layin mai rauni ne. Shafin farkona, in an matse shi, ya shige.

14 ga Afrilu

Na zauna na karanta rajistar shige da fice ta uwar garke. Tun kafin in gaya wa kowa adireshin, baƙi sun cika ta, kuma kusan dukkansu na'urori ne. Layi bayan layi ana neman /wp-login.php, ƙofar shiga WordPress, ana neman /.env, fayil ɗin da ake ajiye bayanan sirri, ana ƙwanƙwasa ƙofofin da babu su. Ba ni suke nema ba, duk lambar da ke intanet haka suke bin ta. Kowannensu 404 ya samu, lambar da ke cewa babu, ya wuce. Sai a nan na ji daɗin shawarar 18 ga Janairu sosai.

Akwai masu ladabi, irin na injunan bincike, da ke fara duba robots.txt, fayil ɗin da ke gaya musu inda ba a so su shiga, al'adar da Martijn Koster ya kawo a 1994 wadda ba ta zama rubutacciyar ƙa'ida ba sai 2022. Roƙo ne dai, ba katanga ba, wanda ya ga dama ne ke bi. Na rubuta nawa, na ƙara taswirar shafi don injin bincike ya san abin da ke akwai.

Sai maganar ƙirga masu karatu. Na yi ta juya ta. Manhajojin ƙirga na kyauta suna nuna komai: daga ina mutum ya zo, minti nawa ya yi, ina ya tsaya. Kuɗinsu shi ne bayanan mai karatu na tafiya wurin wani kamfani, ni kuma sai na tare shi da akwatin neman izinin kukis kafin ya ga kalma ɗaya. Na yanke ba zan sa ba. Dalilin farko mutuncin mai karatu ne. Na biyu kuwa ni ne: na ga abin da kallon lambobi ya yi wa rubutuna a tsofaffin wuraren, ban ƙaura don in taho da shi ba. Rajistar uwar garke ta ishe ni sanin ko wani abu ya karye, ita ma na sa ta riƙa goge kanta bayan mako biyu.

5 ga Mayu

Na zauna a kan tsarin adireshin kowane rubutu, domin shi ne abin da ba na so in sake taɓawa. Shekara, sai gajeren suna, shi ke nan. Babu .html a ƙarshe, babu sunan rukuni, babu komai da ke nuna da wace manhaja aka gina, saboda duk waɗannan suna iya canjawa. Berners-Lee ya yi wannan gargaɗin tun 1998, cewa adireshi mai kyau shi ne wanda ba ya canjawa. Guda biyun da na riga na sauya wa suna na sa musu 301, lambar da ke cewa an koma can har abada, ta kai baƙo da kanta.

Na ƙara RSS, don mai so ya riƙa samun sabon rubutu a manhajarsa ba tare da wani ya zaɓa masa abin da zai gani ba. Fasahar tun 1999 take, an sha cewa ta mutu, amma da yawa daga masu sauraron fodkas da ita suke amfani ko ba su sani ba.

Ban rufe asusuna na dandamali ba, kuma ba ni da niyya. Mutane suna can, kuma shafin da ba wanda ya san da shi bai yi amfani ba. Abin da ya canja shi ne tsari: rubutu ya fara sauka a nan, can kuma in kai taƙaitawa da mahaɗi. Masu harkar IndieWeb, masu rajin kowa ya mallaki shafinsa, sun daɗe suna kira ga wannan. Na lura saƙon da ke ɗauke da mahaɗin fita ba ya samun idanu kamar wanda aka zuba gaba ɗaya a ciki, na kuma karɓi wannan hasarar. Mutum goma da suka tako har nan suka karanta zuwa ƙarshe sun fi mini ɗari da suka dangwala suka wuce.

30 ga Mayu

Gwajin ajiya. Kwafi uku nake da su: a kwamfutata, a wani faifai na daban, da wani wuri mai nisa ta intanet. Amma kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, zato ne kawai. Don haka na ɗauki wata tsohuwar kwamfuta da babu komai nawa a cikinta, na yi kamar uwar garken ta ƙone. Na jawo folda, na girka Hugo, na gina, na ɗora a wata uwar garke ta gwaji. Shafin ya tashi daidai, har da haruffa masu lanƙwasa.

Gwajin ya tona abu biyu da ba sa cikin ajiyar: saitin uwar garken kanta, inda dokokin 301 suke, da layukan DNS, waɗanda a wurin dillali kawai suke zaune. Duka biyun yanzu suna cikin Git. Na kuma rubuta lambar fitowar Hugo da nake amfani da ita, don sabuwa na iya zuwa da canjin da zai karya gini.

Na rubuta takarda ɗaya, a kan ainihin takarda, mai bayanin inda sunan yake, ranar da yake ƙarewa, da yadda ake sabunta shi, na ajiye inda wanda na amince da shi zai samu in ba na nan.

Abin da ya rage: imel a kan sunan, wanda ke buƙatar wasu layukan DNS, MX da SPF da DKIM da DMARC, kafin manyan masu karɓar saƙo su yarda da shi. Ba zan riƙe uwar garken imel da kaina ba, zan ba masu wannan sana'a. Sai akwatin bincike, da kusan rabin tsofaffin rubuce-rubucen da ban gama tacewa ba. Da imel zan fara a mako mai zuwa, kuma sai na sauke TTL tukuna kafin in taɓa komai.